Randar Baba Nomau

Direban da ya ɗauko mu daga Arlit ya tsayar da mota a wani fili da babu ko tsiron ciyawa, ya ce kowa ya sauka. Ya miƙa hannu wajen arewa ya ce, "Ku miƙe haka, kahin la'asar kun ga gari." Sannan ya juya kan motarsa ya yi gaba, da buhun garin rogona da bargona a ciki. Garin rogon na yafe. Bargon ne har yau ban yafe ba, domin matata Hadiza ce ta sayo mini shi a kasuwar Maraɗi, wai ta ji an ce ƙasar Larabawa akwai sanyi.

Ba mu ga gari ba sai washegari da hantsi. A hanyar nan na fara sanin ruwan bido, wato jarkar roba da aka taɓa zuba isansi, man mota, a ciki. Ruwa ne mai ɗumi, mai warin mai, kana sha yana dawo maka. Wasu sun sha sun yi hamdala. Ni kuwa raina ya yi ta ɓaci, don ni na san yadda ruwa yake in an mutunta shi.

Sunana Lawali, maginin tukwane ne ni daga Jiratawa. Ubana sana'arsa ke nan, kakana ma haka. Tun ina ƙarami nake bin amalanke zuwa Maraɗi da randuna da tuluna jere cikin kara. Sai roba ta zo, firigo, wato firiji, ya biyo bayanta. Matan unguwar Zariya ta Maraɗi, waɗanda a da suke aiko a zaɓar musu randa mai sanyi, suka koma cewa in gina musu tukunyar shuka fure. Ranar da na dawo gida da kayana kusan yadda na kai su, na ce ni da yumɓu mun rabu ke nan.

Na yi 'yan makonni a garin bakin iyaka ina dakon buhuna, har na samu na motar Tamanrasat. A can wani ya kai ni gidan da 'yan ci-rani suke kwana, wani kango mai ɗakuna ba ƙofa. Shugaban gidan wani ɗan Tasawa ne, Kabiru, siriri mai jan ido, wanda bai iya murmushi ba. Tun ban ajiye leda ba ya karanta mini dokoki. Ba hayaniya, ba taruwa a bakin ƙofa, ba hayaƙi. Ya ce masu kame suna yawo, kuma duk wanda ya jawo su gidan, shi da Allah.

Aiki na samu a shantiye, inda ake gina wani bene. Da safe ka ɗauki bulo ka hau, ka sauko, ka sake ɗauka, har rana ta faɗi. Wahalar ba ta dame ni ba, mu ma a gida ba a kan katifa muka tashi ba. Shirun ne ya kusa kashe ni. A Jiratawa, kafin ka isa ramin yumɓu ka gaisa da rabin gari, a tambaye ka gida, a tambaye ka gajiya, a tambaye ka akuyar da ta haihu. A nan kuwa sai in yini ba wanda ya kira sunana. "Kamarad" suke ce mana, mu duka, kamar uwa ɗaya ta haife mu ta rasa suna. Siminti ya cinye mini fatar tafin hannu. Da yamma nakan zauna gindin bango in zuba wa hannuwana ido, in ji kamar na aro su ne. Da wata ya ƙare, patoro, wato maigidan da ya ɗauke mu aiki, ya ce mu dawo jibi. Muka dawo jibi, aka ce ai ya tafi arewa. Na yi kewar gida har abinci ya daina yi mini daɗi.

A shantiye na biyu na haɗu da Baba Nomau. Shi ne mai gadi, tsoho dogo, da tsagen Gobirawa a kumatu. Ina ganin tsagen nan na ji kamar na hango hasumiyar masallacin garinmu. Na durƙusa na gaishe shi da Hausa. Ya daɗe yana kallona.

"Samari, daga ina?"

"Jiratawa, Baba."

"Jiratawa! Masu cin laka. Ni ɗan Tsibiri na. Miƙo hannunka in gani." Ya juya tafin hannuna, ya danna babban yatsana. "Wanga hannu ba don bulo anka yi shi ba. Mi ya kawo ka nan?"

"Abin da ya kawo ka, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Tun daga ranar, kowace Juma'a bayan masallaci ina wurinsa. Ya dafa shayi a ɗan gwangwani, mu zauna, ya yi ta tsokanata. Ya bar gida tun autarsa tana rarrafe, ga shi har an yi mata aure bai gani ba. Duk shekara sai ya ce baɗi, in ya ɗan tara abin da zai shiga gida da shi ba kunya. Ba ya yawan zancen gona ko 'ya'ya, ina jin zancen yana yi masa ciwo. Zancensa ɗaya ne, randar da ke ƙarƙashin rumfar matarsa Hajo. Ya ce ta Jiratawa ce, shi ya saye ta da kansa lokacin da suka tare. An binne gindinta cikin jiƙaƙƙen rairayi, da faifai a bakinta, da moɗa kife a kai. Ya ce in ya dawo gona da azahar, kafin ya ce wa kowa sannu, wurinta yake fara zuwa.

Da sanyi ya shigo, tarin nan ya kwantar da shi. Aka sa wani a gadin, shi kuma muka ɗauko shi zuwa gidanmu, muka shimfiɗa masa kwali a lungun ɗaki. An kai shi wurin likita, an ba shi magani, amma duk wanda ya dube shi ya san inda aka dosa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ya daina shan ruwa. In na kai masa na bido, sai ya kau da kai. Na je kanti na sayo masa na kwalba mai sanyi daga firigo. Ya kurɓa sau ɗaya ya miƙo mini.

"Wanga sanyin ƙarya na. Haƙori yaka kamawa, ba ya kaiwa ciki."

"Baba, in ba ka sha ba, maganin ma ba zai yi aiki ba."

Ya kamo gefen rigata. Leɓensa duk ya tsattsage. "Lawali, in kai ɗan Jiratawa na gaske na, ka gina mani randa. In sha ruwan ƙasa kahin in koma cikinta."

Wallahi haushi na fara ji. Na ƙetare hamada don in rabu da yumɓu, ga wani tsoho yana neman ya mayar da ni ciki. Na ce masa nan ba gida ba ne, ba yumɓu, ba ƙaiƙayi, ba karan gashi. Ya juya fuska wajen bango. Juyawar nan ce ta hana ni sakat.

Ranar Juma'a na ɗauki buhun siminti wanda ba komai a ciki na bi wani busasshen gulbi a bayan gari. Na yi ta tono ina murzawa, ina ɗanɗanawa a harshe kamar yadda ubana yake yi, har na samu wata ƙasa ja mai danƙo. A madadin ƙaiƙayin gero na roƙi dusar katako wurin wani kafinta. Dundunge, ɗan dunƙulen da muke bugun cikin tukunya da shi, babu inda zan same shi, sai na zaɓi wani mulmulallen dutse. Na haƙa ɗan rami mai kamar ƙwarya a tsakar gida, na shimfiɗa buhu, na ɗora curin yumɓu, na kai bugun farko.

Ban san zan ji abin da na ji ba. Ƙarar nan, tif, tif, tif, ita ce ƙarar da na tashi da ita a kunne. Hannuwan da nake ganin kamar na aro suka ci gaba da aiki ba tare da na ce musu komai ba. Hawaye ya zubo mini, na bar shi ya zuba. 'Yan gidan suka fara da dariya, daga baya suka kewaye ni suna kallo. Wani ɗan Gine ya tsuguna, ya ce da gurɓatacciyar Hausa kakarsa ma haka take yi. Sannan ya tambaye ni sunana. Shi ne mutum na farko a gidan nan da ya tambaya.

Na gina manya guda huɗu, don in ɗaya ta ƙi, wata ta yi. Da suka bushe na jera su a bayan katanga da la'asar, na lulluɓe su da guntayen katako da kwali, na kunna wuta. Na san dokar Kabiru, amma na ce kafin ya dawo an gama. Wuta ta kama sosai, ina tsaye ina jin daɗi, sai na ji tau! Kafin in juya, wata ta sake, tau! Kamar harbin bindiga. Gida ya yamutse. Wani ya haura katanga da takalmi ƙafa ɗaya, wani ya bar tukunyar shinkafarsa ya ruga da cokali a hannu. Da wuta ta mutu na tone toka. Duk huɗun sun dare, kowace gida biyu, wata gida uku.

Kabiru ya dawo ya tarar da hayaƙi bai gama washewa ba. Ya tsaya a kaina.

"Mutum nawa ke kwana gidan ga, ka sani? In anka zo anka kwashe su, kai za ka ciyar da ɗiyansu? Ka kuma kunna wuta nan, kai da tsohon naka ku nemi wurin kwana!"

Gaskiya ya faɗa. Na kwashe fasassun zan kai juji, sai na ji muryar Baba Nomau daga ɗaki. Ashe dariya yake yi, tana fita da ƙyar tsakanin tari.

"Ɗan Jiratawa ya yi yaƙi da tukwane, tukwane sun ci! Kada ka zubda su. Jera mani su nan bayan ɗaki."

"Baba, tsiya za ka riƙa yi mani da su?"

"Kai dai jera su."

Na jera su ina ƙunƙuni. Kwanakin da suka biyo baya sun yi mini nauyi. Da safe in zan fita aiki sai na tsaya na ga ƙirjinsa yana motsi. Ɗan Ginen nan yana ɗiga masa ruwa da tsumma a baki, abin da yake shiga ke nan. Ni kuma ban san abin da ya fasa tukwanena ba, kuma ba ni da wurin gashi.

Na koma gulbin don ban san inda zan je ba. Ina zaune bakin ramin da na tona, sai ga wata tsohuwar Buzuwa da awakinta. Gidanta yana nan kusa, ashe tun zuwana na farko take kallona. Sunanta Fatimata, ta taɓa zama Agadas, tana jin Hausa kaɗan. Na ba ta labari, rabi da baki rabi da hannu. Ta ɗebi ƙasar ta murza a tafinta, ta tsinto wasu ƙananan fararen duwatsu kamar tsabar gero, ta nuna mini.

"Wannan, wuta, bum," in ji ta.

Yumɓun gida ba shi da su, shi ya sa ban taɓa neman su ba. Ta shiga gida ta ɗauko wani tsohon gidan sauro, ta nuna mini in jiƙa ƙasar ta zama kunu, in tace, in bar ta ta tsane. Ta kai ni bayan gidanta inda take tara busasshen kashin awaki, ta ce a nan kullum tana ƙona shara, ba mai tambayar hayaƙinta. Na tambaye ta abin da zan biya. Ta ɗaga yatsa ɗaya. "Tawa ma. Uwata tana da irinta."

Aikin ya ci kwanaki, tacewa, tsanewa, gini, bushewa a inuwa. Na daina zuwa shantiye, aka ba wani gurbina. Ban damu ba, tsorona ɗaya ne, kada in dawo da randa in tarar an miƙar da Baba Nomau. Duk yamma in na shigo zai buɗe ido ya ce, "Har yanzu?" In ce, "Saura kaɗan, Baba." Ya ce, "Ni ma saura kaɗan."

Ranar gashi na zauna gaban wutar nan ina jiran tau. Ba ta zo ba. Kashin awaki ya ci a hankali ya zama toka. Da safe na tone, na ɗaga ta farko, na ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Ta amsa da ƙara mai tsabta, ba ko ɗan rauni. Fatimata ta rangaɗa guɗa, awakinta suka watse. Na bar mata tata, na ɗora ɗayar a ka na ratsa gari, mutane suna tsayawa suna kallon baƙin mutum da ƙatuwar tukunya. Ranar ban ji tsoron kowa ba.

Na zuba rairayi a lungun da Baba Nomau yake kwance, na jiƙa, na kafa gindinta, na cika ta. A ƙa'ida ruwan farko na sabuwar randa zubarwa ake yi. Da ya ga zan karkata ta, sai ya ɗaga hannu.

"Kada ka zubda na hwarko. Shi nika so."

Muka jira har jikinta ya fara tsattsafo. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin, irin na ruwan farko a kan gona. Ɗan Gine ya kawo wani ɗan ƙoƙo da ya taho da shi tun daga ƙasarsu. Na tallafo kan Baba Nomau, na kai masa baki. Ya sha, ya huta, ya sake sha har ya shanye. Ya rufe ido. 'Yan gidan sun cika bakin ƙofa, har da Kabiru a can baya.

"Ta Hajo ta hi ta sanyi," in ji Baba Nomau. Ya miƙo ƙoƙon. "Ƙaro."

Ya ƙara 'yan kwanaki yana shan ruwan nan, har muryarsa ta ɗan dawo, ya samu bakin tsokanata. Wata safiya ina cika randar na juyo in yi masa magana, na tarar ya cika.

Muka yi masa wanka, muka kai shi maƙabartar da ke gefen gari, wajen da ake sa baƙi. An gama haƙa, sai na ga abin da aka tanada don rufe ƙaramin ramin da ake sa mamaci: guntayen kwanon rufi masu tsatsa da ɓallen wata tsohuwar ƙofa. A gida da itace ko da tukwane muke rufewa, sannan a liƙe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ina tsaye ina kallon kwanon nan, sai maganarsa ta faɗo mini. Jera mani su nan bayan ɗaki. Ashe tun ranar ya san abin da yake tanadi.

Na ce su dakata. Na ari baro na ruga gida, na lodo fasassun randunan nan da na so in kai juji. Kabiru ya dube su, ya dube ni, ya tuɓe takalmansa ya shiga ramin da kansa. Ina miƙa masa yana kifawa, ɗaya bayan ɗaya, daga kai har ƙafa. Suka rufe shi ruf, kamar an auna.

Bayan rasuwarsa ban koma ɗaukar bulo ba. Na ci gaba da gini a bayan gidan Fatimata. Maƙwabtanta suka fara zuwa, wannan tana son tulu, waccan tana son kasko. Randar Baba Nomau kuwa Kabiru ya sa aka fito da ita tsakar gida, duk wanda ya dawo aiki nan yake fara tsayawa. Ana ce mini Lawali mai randa. Kaɗaicin bai tafi duka ba, amma na daina zama gindin bango ina kallon hannuna. Daga baya kamen da ake tsoro ya rutsa da ni a hanya, aka maido mu bakin iyaka. Na shigo Jiratawa ba bargo, ba tsaraba. Hadiza ta ce tunda na kawo kaina, ya isa. Na koma ramin yumɓun ubana, a can nake har yau.

Da na huta na hau kabu-kabu daga Maraɗi zuwa Tsibiri, na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan. Sun riga sun ji rasuwar ta waya. Inna Hajo ta fito, 'yar ƙaramar tsohuwa, ta shimfiɗa mini tabarma ƙarƙashin rumfa. Ga randar nan a gefe, gindinta cikin rairayi, bakinta ya ɗan ɓalle, da faifai a kai. Ginin garinmu ne, ko daga nesa na gane. Ta ɗebo ruwa a moɗa ta miƙo mini. Na karɓa na riƙe, na yi mata gaisuwa, na ba ta labarin jinyarsa. Tana saurare, kanta a sunkuye. Da na gama ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Ɗana, abu guda ke hana ni kwana. An ce can ƙasar, baƙo da kwano aka ruhe shi, kamar kayan juji. Ka hwaɗa mani gaskiya. Da mi kunka ruhe Malam?"

"Da tukwane, Inna, kamar gida. Ni na gina su da hannuna."

Ta ɗago ta dube ni, ta dubi hannuwana. Ta ja gefen mayafi ta share ido, ta yi ajiyar zuciya mai tsawo.

"Alhamdulillahi. Sha ruwanka, ɗana, ka sha hanya."

Na kai moɗa baki na sha. Baba Nomau bai yi ƙarya ba, tata ta fi tawa sanyi.